Rubutu a Rairayin Garkar Jiratawa

Mu biyu mahaifinmu ya bari maza, ni da wana. Dukkanmu an kai mu lakwal, wato makarantar boko, a Tibiri, shi ya zauna, ni na gudu tun ban gama firamare ba. Ya yi karatu a Maraɗi, ya ƙetara Katsina ya ƙaro, ya dawo yana koyar da Ingilishi a kwaleji har ya yi ritaya. Ɗalibansa Mushe suke ce masa, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma Auta yake ce mini har yau da furfura ta cinye mini gemu.

Na yi shekaru ina kabu-kabu a cikin gari. Da bayana ya fara ciwo sai na koma garkar da muka gada ta wajen mahaifiyarmu a Jiratawa, ina noman zogale da tattasai da albasa. Ina zaune da iyalina a unguwar Zariya cikin Maraɗi, Yaya kuwa yana gidan gado a Tibiri da matarsa.

Yaya yana da wata ɗabi'a. Kalma ba ta gilmawa ta gabansa sai ya tare ta ya tambaye ta garinsu. In na ce zan sayi asans, sai ya ce wannan baƙuwar Faransa ce. In na ce fetur, sai ya ce ita kuma ta Ingilishi ta shigo mana, kuma asalinta kalmomi biyu ne na mutanen da can, dutse da mai, wato man dutse. Ni kuma in ce ko man dutse ne ko man gyaɗa, mai kwalba a bakin hanya ba ya rage mini komai. Na tuna wata rana da bazara an ɗauke wuta, muna zaune a zaure gumi na tsiyaya, kowa na neman mafici, shi kuwa ya dage yana gaya mana cewa sunan lantarki daga wani ƙaron itace ya samo asali, mai ruwan zuma, wanda in an goga shi a tufa yake jan ƙaiƙayi. Ban bari ya kai ƙarshe ba na tashi na fita.

Ba fita kaɗai nake yi ba. A tashar kabu-kabu nakan kwaikwayi muryarsa da yadda yake ɗaga yatsa, abokai su yi ta dariya. Ina ce musu asalin kalma ba ya cika tukunya. A lokacin na ɗauka raha ce. Yanzu na san ƙyashi ne, don shi ya riƙe abin da ni na yar, kuma bai taɓa yi mini gori a kai ba.

Bai daɗe da yin ritaya ba, wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu. Kafin matarsa ta fito daga madafa ya zame ƙasa. Muka kai shi likita a Maraɗi aka ce hawan jini ne. Da aka sallame shi, ɓarin hagu ya yi nauyi, baki ya karkace, magana tana fita da ƙyar kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Mai gasa masa jiki a likitar ya gaya mana abu ɗaya da ban manta ba. Ya ce ƙafar ba ta mutu ba. In yana miƙewa yana takawa kullum za ta dawo, in kuwa ya lizimci tabarma za ta sandare, kuma daga nan babu sauran dabara.

Yaya ya lizimci tabarma.

Mutane suka yi ta zuwa dubiya, har da tsoffin ɗalibansa da suka zama manya a ofisoshi. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Tun kafin Yaya ya haɗa amsa matarsa ta riga ta ce da sauƙi. In ya buɗe baki zai ƙara wani abu, sai a ce kada ka wahalar da kanka, Malam, mun gane. Wani ma ya ƙarasa masa maganar. Sai a ajiye dabino ko lemu a shafa fatiha a tafi. Haka muka gada, ba a gajiyar da mara lafiya, kuma dukkanmu mun ɗauka tausayi muke yi. Babu wanda ya lura cewa mutumin da ya yi rayuwarsa ana tambayarsa yana amsawa, yanzu babu mai tambayarsa komai sai jikinsa.

Ni kuma abin da na sani shi ne moto, wato babur. In ya ƙi tashi, tura shi ake yi da gudu har ya kama. Kullum na je Tibiri sai in sa hannu a hamatarsa in ɗaga shi, in ce taka, taka mana. Yana girgiza kai ina ja. Wata rana da la'asar akwai baƙi a tsakar gida, na ɗaga shi na sake shi don ya ga zai iya. Gwiwarsa ta lanƙwashe ya faɗi, hularsa ta gangara har gaban baƙin. Maimakon in ji kunya sai haushi ya kama ni, na ce masa shekara da shekaru yana yi mana bayanin ƙarfi da baki, yau ga ranar ƙarfi ta zo ya kasa. A gaban mutane na faɗa wa wana haka. Ya dube ni. Da aka mai da shi tabarma ya juya fuskarsa bango.

Matar Yaya abokiyar wasana ce, kullum muna tsokanar juna, amma ranar ba wasa a fuskarta. Ta raka ni har zaure ta ce, "Yayanka ne fa, Auta. Ba moto ba ne."

Daga ranar ya daina yi mini magana. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannun dama kawai. Ni ma na daina taɓa shi. Ina kallon ƙafar hagun tana ramewa, tana zama kamar ta yaro, na san abin da mai gasa masa jiki ya faɗa yana matsowa, ban kuma san abin da zan yi ba.

Ana cikin bazara aka yi wa matar Yaya rasuwa a garinsu, dole ta tafi zaman makoki. Na ɗauko shi zuwa gidana a Zariya. Washegari ranar ban-ruwa ce, kuma da zafin nan in tattasai ya kwana biyu bai sha ba, ya tafi ke nan. Ba zan iya barin Yaya da matata ba, don tsakanin wan miji da matar ƙane akwai kunya, ba za ta iya kama shi zuwa bayan gida ba, shi ma gara ya mutu da ya bari. Sai na roƙi maƙwabcina mai adaidaita ya kai mu Jiratawa. Kada wani ya ce tausayi ya sa na fita da shi shan iska. Tattasaina nake ji.

Garkata ba ta cikin babban fili mai magudanan siminti. Tana gefe, kusa da Gulbi, inda ƙasar rairayi ce. Ruwa ya yi ƙasa a shekarun nan, don haka kowa ya haƙa rami a bakin rijiyarsa ya saukar da injin ciki don ya iya jawowa. Akwai mangwaro ɗaya a gefen gabas. A inuwarsa na shimfiɗa wa Yaya tabarma, na jingina shi da gindin, na ajiye masa buta da gorar ruwa, na sauka rami.

Injin ɗin sabo ne, wani ɗan kasuwa ya kawo mini daga Jibiya bayan tsohon ya mutu. Na cika tanki, na ja igiya, shiru. Na sake ja. Na kwance buji, wato fulogi, na hura na mayar. Na ja har kafaɗata ta yi zafi, na zage shi, na zagi wanda ya ƙera shi, na sa ƙafa na haure shi. Rana tana ɗagawa, ganyen tattasai ya fara sunkuyawa. Sai idona ya faɗa kan wata ƴar takarda rawaya da aka manna a jikinsa, da jan rubutu, ba Faransanci ba. Cikin fushi na ɗaga murya daga ramin na ce, "Yaya, kai da ka san Ingilishi, me aka rubuta a nan?"

Na manta ba ma magana. Can na ji muryarsa da nauyinta, ya ce in karanta. Na karanta yadda aka koya mana a firamare, ya ce wannan ba harshen kowa ba ne. Wayata ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto. Sai na karyo reshen zogale, na riƙa duba haruffa a rami ina hawowa ina zana su a rairayi gaban tabarmarsa, in koma in ɗebo wasu. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mai. Na ce tanki cike yake.

"Baƙin mai," in ji shi. Ya huta, ya goge gefen baki. "In bai ƙoshi ba, ba ya tashi. Da gangan aka yi shi haka, don kada ya ƙone kansa."

Tsohon injina ba shi da wannan wayon, ko a bushe yake sai ya yi ta gudu, abin da ya kashe shi ke nan ma. Na duba, ashe ɗan kaɗan mai sayarwa ya zuba. Akwai ragowar baƙin mai a bukka, na ƙara. Na buɗe kan famfon na ɗura masa ruwa, don injin ban-ruwa ba ya jawo ko ɗigo sai an fara ba shi nasa ya sha. Ja ɗaya ya tashi. Ruwa ya bi tiyo ya fito da sanyinsa ya shiga kwalin shuka na farko.

Na dawo inuwa na zauna nesa da shi kaɗan, kunya ta hana ni kallonsa. Sai na ga ya ɗauki reshen zogalen da hannun dama yana nuna kalmar farko a rairayi. Ya ce wannan ita ce injin. Ya ce ba ƙarfe take nufi ba tun asali, a harshen Rumawan da tana nufin basirar da aka haifi mutum da ita, sannan ta koma dabara, sannan abin da dabara ta ƙera. Wannan ɗan bayanin ya ɗauke shi lokaci mai tsawo. Yana tsayawa, yana neman kalma, miyau na zubo masa yana gogewa. Ban ƙarasa masa ba. Ba don haƙuri ba, don ban san abin da zai faɗa ba ne. Masu dubiya sun san amsar gaisuwa, shi ya sa suke riga shi. Ni jahilcina ne ya sa na jira, kuma a rayuwata wannan ne karo na farko da na saurari bayaninsa har ƙarshe.

Da ranar ban-ruwa ta zagayo, na shiga ɗaki in gaya masa adaidaita ta zo, na tarar ya riga ya sa hula da kansa, a karkace.

Matar Yaya ta dawo daga makoki ta same shi yana yi wa matata bayanin wani abu daga bayan labule. Ta tsaya ta saurara, ta dube ni, ta ce wane boka na kai mata miji. Na ce bokan yana rami a Jiratawa, baƙin mai yake sha. Muka shirya su zauna a Zariya har damina ta faɗi, tunda ya fi kusa da likita.

Kalmomin jikin injin suka ƙare, sai na shiga nema. In na bi ta Sabon Gari nakan tsaya a shagunan masu janareta da batir, in kwafi abin da na gani a kwali da biro a tafin hannuna. Har gwangwanin abin shan nan da samari ke sha don ƙarin kuzari na tsinta. Masu shago suna tambaya ko makarantar dare na shiga. A garka in zana masa a ƙasa, shi kuma ya buɗe. Janareta, ya ce, mai haifarwa ke nan. Kuran, wutar nan da muke cewa an ɗauke, da ƴar'uwarta ta Ingilishi, uwarsu ɗaya, ma'anarta mai gudu, kamar ruwan da ke bin kwali. Ta jikin gwangwanin, inaji, daga Girkawa take, aiki ne da ke cikin abu tun bai fito ba. Wasu na riƙe, wasu sun zube a hanya. Wani lokaci yakan ce bai tabbata ba, sai ya duba ƙamus in ya koma Tibiri. Bakinsa kuwa yana ta sakewa, har matarsa ta fara cewa an dawo mata da surutu.

Ƙafar ce dai ba ta motsa ba. Har lokacin ɗaukarsa nake daga adaidaita zuwa tabarma.

Wata rana ruwan buta ya jiƙa gaban tabarmar, sai na yi rubutun gaba kaɗan inda rairayi ya bushe. Idonsa bai kai ba. Ina jira ya ce in matso da shi, sai na ga ya dafa ƙasa da hannun dama ya ja jiki, ya kai ya karanta. Na yi kamar ban gani ba. Ranar ban-ruwa ta gaba na ƙara nisa, wannan karon da gangan. Na riƙa ƙirƙiro dalili, in ce nan akwai tururuwa, nan akwai ciyawa. Allah ya yafe mini ƙaryar, don garkata ba ta da tururuwa haka. Da jan jiki ya ishe shi, ya ce in ba shi ƙotar fartanya. Ya dafa gindin mangwaro ya dafa ƙotar, ya yi ta fama. Hannuwana suka yi ta ƙaiƙayi in kama shi, na mai da su baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Ya miƙe yana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ya karanta a tsaye, ya koma ya zauna. Ranar ko bayani bai iya yi ba don haki.

Bayan haka ne na kawo masa kalmomi biyu da na gani a kwalin batir, fos da pawa, na ce mai shago ya ce duk ƙarfi suke nufi. Ya tsaya a kansu da ƙotarsa. Ya ce ta farko ƙarfi ce tun asali, irin wanda ake dannawa da shi. Ta biyu kuwa tushenta iyawa, a ce mutum ya iya abu. Ya ɗago ya dube ni ya ce ranar nan a Tibiri ta farkon na kai masa.

Tun ranar da hularsa ta gangara gaban baƙi nake neman bakin da zan roƙe shi ban samu ba. Na durƙusa a rairayin na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar farko a nan," in ji shi. "Da na ga yadda kake haurin injin da bai yi maka komai ba, na gane ashe ba ni kaɗai ba ne."

Ya yi dariya da rabin bakinsa. Ni ban iya dariyar ba sai daga baya.

Gab da faɗuwar damina, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa, rubutuna ya kai tsakiyar garka, tsakanin layin zogale da na albasa. Wata safiya na sunkuya zan fara zane, ya ce in dakata. Ya ce ya gaji da rubutuna mai kama da tonon kaji. Kuma tunda kullum allon nasa ƙara gudu yake yi saboda tururuwar da shi bai taɓa gani ba, gara ya je can inda zan ƙare. Yana so ya ga takardar nan rawaya da idonsa.

Ya kama hanya a kan kunyar da ke tsakanin kwalaye. Ƙota gaba, ƙafar dama, sannan ya jawo ta hagu tana zana layi a rairayi. Ina bayansa, hannuwana a baya. Ya tsaya ya huta, ya ci gaba. A wani wuri ƙotar ta nutse a laka ya yi tangaɗi, na matsa, ya ce bari. Na bari. Injin yana ta ruri, ruwa na wucewa ta gefen ƙafarsa. Da ya kai bakin ramin ya tsaya yana haki, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya leƙa ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya ce ashe ɗan ƙarami ne haka, da yawan zagin da ya sha ya ɗauka ya kai jaki.

Dawowa inuwa ma da ƙafarsa ya dawo. Da yamma mai adaidaita ya sauko zai kama mini shi kamar kullum, Yaya ya ɗaga masa ƙota ya ce ya koma mazauninsa.

Yanzu yana Tibiri. Yana zuwa masallaci da sanda, a hankali, yana tsayawa gaisawa a hanya fiye da yadda gajiya ta buƙata. Hannun hagu bai dawo ba, yana rataye, maganarsa ma in ya gaji takan yi nauyi. Na taɓa tambayarsa kalmar canji, da na ga kowa na faɗinta, daga masu musayar kuɗi a kasuwa har masu siyasa. Ya ce asalinta musaya ce ta ƴan kasuwa, ba ni wannan in ba ka wancan. Ya dubi hannun ya ce shi ma an yi da shi, an karɓi hannu an bar masa ƙafa, ba a tambaye shi ba, amma ya karɓa ya gode.

Ni halina bai gama gyaruwa ba. Ko kwanan nan na ɗaga ƙafa zan hauri moto a ƙofar gida, matar Yaya tana nan ta zo ziyara, ta ce in duba baƙin mai tukuna. Bana na bi maƙwabtana na sa faifan hasken rana a garka, saboda asans ya yi tsada. Bayansa cike yake da rubutu ƙanana. Na fara kwafa a tafin hannu zan kai masa Tibiri, ya ce in wanke hannuna in turo masa mai adaidaita. Tabarmar ma ya ce kada in shimfiɗa a gindin mangwaro, in kai ta can kusa da faifan.